Daga mitar wuta zuwa aji: darasin furosesa da sabbin makarantun tarayya a Kudancin Kaduna

A makonnin da suka gabaci ƙarshen Nuwamban 2024, masu mitar wuta ta kati a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi sun shiga irin halin da ma'aikatan Abuja suka shiga a Kubwa da Lugbe da Nyanya. Kamfanonin rarraba wutar lantarki sun yi ta shelar cewa duk wanda bai sabunta mitarsa ba kafin ranar 24 ga wata, mitar za ta daina karɓar sabuwar lambar wuta. Sabuntawar kuwa ita ce mutum ya danna wasu lambobi biyu, kowacce mai alƙaluma 20, kafin ya shigar da wutar da ya saya. Wasu sun ɗauka dabara ce ta ƙarin kuɗi, wasu kuma suka ce mitocin ne suka tsufa.

Ainihin dalilin yana cikin wani ɗan gurbi na ƙididdiga. Tsarin STS da waɗannan mitoci ke bi ya samo asali ne daga Afirka ta Kudu, kuma kowace lambar wuta tana ɗauke da shaidar mintin da aka fitar da ita, ana ƙirgawa daga ranar 1 ga Janairun 1993, domin kada a shigar da lamba ɗaya sau biyu. Masu tsarin sun ware wa wannan ƙirge bit 24. Bit shi ne gurbi guda da ba ya ɗaukar komai sai sifili ko ɗaya, kuma gurabe 24 ba za su iya ƙirga abin da ya haura 16,777,216 ba. Idan aka mayar da waɗannan mintuna shekaru, sun kama shekara 31 da kusan wata 11, wato suna ƙarewa ne a daren 24 ga Nuwamban 2024. Daga nan ƙirgen zai koma sifili, mita ta ɗauki sabuwar lamba a matsayin tsohuwa, ta ƙi karɓa.

Wannan bayani ana yin sa ne a makonnin farko na kwas ɗin da ake kira maikurofurosesa da tsarin ginin kwamfuta, kwas ɗin da ɗaliban injiniyan lantarki ke ɗauka a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Furosesa ita ce ɗan guntun silikon da ke karanta umarni yana aiwatarwa, kuma tana cikin mita, da wayar hannu, da na'urar POS, da injin juya wutar sola, da na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Yadda ake koyar da ita a Kudancin Kaduna ya zama batun da ya shafi Abuja kai tsaye, domin gwamnatin tarayya ta kafa sabuwar jami'a a yankin, ta kuma sauya alƙiblar kwalejinta ta Kafanchan, kuma a ofisoshin Abuja ne ake rubuta jerin kayan da za a saya musu.

Garin da ya taɓa neman kwamfutarsa

Kafanchan gari ne da aikin fasaha ya haifa. A tsakanin 1926 da 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya iso wurin, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau dutsen Jos. Makanikai da direbobi da masu kula da sigina suka taru daga sassan ƙasa, har wata unguwa ta samu sunanta daga rumfar gyaran kawunan jirgi, wato Bayan Loko. Jirgin ya ja baya tun tuni, amma a wannan unguwa ce aka yi wani gwaji da ya cancanci a tuna da shi.

Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 domin tallafa wa matan karkara da ƙananan basussuka, ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Bayan Loko, kuma aikin cibiyar ya ci lambar yabo ta Hafkin ta ƙungiyar APC a 2001. Daga baya gidauniyar ta kafa ZittNet, hanyar intanet marar waya ga makarantu da cibiyoyin lafiya na kewaye. Kwamfutocin da ake aiki da su galibi kwance ne daga Turai, kuma sun yi ta mutuwa. An ƙera su ne domin ofis mai sanyi da wuta tsayayya. A Kafanchan kuwa suka tarar da zafi, da ƙurar hunturu da fanka ke zuƙowa cikin akwati, da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama.

A tsakiyar shekarun 2000 gidauniyar, ƙarƙashin jagorancin John Dada, ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna ExpLAN wajen samar da kwamfuta mai suna Solo. An tsara ta ba fanka, ba wani abu mai juyawa a cikinta, kuma wutar da take ci ba ta kai wat 10 ba, ta yadda ƙaramin farantin sola zai ɗauke ta. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne furosesar da aka zaɓa. An bar dangin Intel da ke cikin kwamfutocin ofis, aka ɗauki ARM, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara a kamfanin Acorn na Kambirij a 1985 da taransisto kimanin 25,000, bisa tunanin cewa umarni kaɗan masu sauƙi sun fi tarin umarni masu sarƙaƙiya. Ƙarancin taransisto ya zo da ƙarancin cin wuta, ƙarancin cin wuta ya rage zafi, rashin zafi ya kawar da buƙatar fanka, rashin fanka kuma ya toshe hanyar ƙura.

Solo ba ta kai ga cika kasuwa ba. Wayoyin hannu da ƙananan kwamfutocin cinya masu araha sun sha gabanta, kuma abin mamaki, wayoyin da suka sha gabanta ɗin ARM ce a cikinsu. Amma tunanin da ya haife ta bai yi kuskure ba: wanda zai ƙera wa Kafanchan na'urar da za ta jure Kafanchan, dole ya san abin da ke faruwa a cikin guntun silikon. An san matsalar a Bayan Loko, amma zanen da ya amsa ta daga Ingila ya fito.

Makarantun da ke ƙasa

Shekaru da dama, yaron Kudancin Kaduna da ke son karanta injiniyan lantarki ko na kwamfuta yakan ɗauki jakarsa ne zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko kuma ya tsallaka zuwa Minna da Bauchi da Nasarawa. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ya karkata ne ga aikin gona da kimiyyar muhalli. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya malamai take horarwa. Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya da ke Manchok kuwa sunanta ya faɗi aikinta.

A watan Fabrairun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokar da ta kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok, wadda kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya bayan shari'ar da hukumar EFCC ta shigar. An naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta, Farfesa Qurix Williams Barnabas kuma shugaban jami'ar. A shekarar ce kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya, ciki har da ta Kafanchan, zuwa kwalejojin koyon sana'o'in fasaha zalla, da alƙawarin karatu kyauta da alawus na wata-wata, da tsarin da kashi 80 cikin ɗari na karatun zai kasance aikin hannu. Sabon tsarin karatun firamare da sakandare da aka fitar a shekarar ya sanya gyaran kwamfuta da wayar hannu, da haɗa wutar sola, a cikin sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa.

Duka waɗannan hanyoyi suna ɓullewa ne a ƙofar furosesa. Mai haɗa sola zai tarar da ita a cikin na'urar da ke kula da cajin batir. Mai gyaran waya yana kallonta kullum a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ko da bai san abin da take yi ba. Jami'ar da ta ɗauki sunan kimiyyar aikace-aikace kuwa, ko ta fara da fannin lafiya ko da na kwamfuta, ba za ta daɗe ba tare da ta fuskanci tambayar wanda zai buɗe na'urorin asibitinta idan suka tsaya ba.

Abin da ake yi a aji

A yawancin makarantun Najeriya, kamar yadda yake a Indiya, ana fara wannan darasi ne da Intel 8085. Kakarta ita ce 4004, wadda kamfanin Intel ya fitar a Nuwamban 1971 domin injin lissafi na kamfanin Busicom na Japan, mai taransisto 2,300. Ita 8085 ta fito ne a 1976, da taransisto kimanin 6,500, da ƙafafu 40, tana sarrafa bit takwas a lokaci guda, kuma iyakar ma'adanar da za ta iya gani ita ce gurabe 65,536. Littafin Ramesh Gaonkar a kanta, wanda ya fara fitowa a 1984, har yanzu yana yawo a hannun ɗalibai, galibi a hoton kwafi. Idan aka kwatanta da furosesar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 mai taransisto biliyan 16, za a gane dalilin da ya sa iyaye da ɗalibai, da ma wasu jami'ai, ke tambayar me ake nema a wurin tsohuwar da ta doshi shekara hamsin.

Malaman da ke riƙe da ita suna da hujja mai ƙarfi. 8085 ƙarama ce yadda ɗalibi zai iya riƙe ta gaba ɗaya a kansa. Umarninta 74 ne kacal. Rajistocinta, wato ƙananan guraben da take ajiye abin da take aiki a kai a daidai wannan lokaci, ana iya zana su duka a rabin allo. Shirin da zai tara biyar da uku bai wuce lambobi biyar ba: 3E 05 C6 03 76. Ta farko tana cewa a ɗora lambar da ke biye a babbar rajista, ta biyu ita ce biyar ɗin, ta uku tana cewa a ƙara lambar da ke biye, ta huɗu ita ce ukun, ta ƙarshe ta ce a tsaya. Ɗalibin da ya danna waɗannan da yatsansa a allon koyo, ya ga takwas ta bayyana, ya ga da idonsa zagayen da kowace kwamfuta a duniya ke yi: ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta fassara shi, ta aiwatar, ta matsa zuwa na gaba. Idan malami ya sa shi ya ɗora 255 ya ƙara ɗaya, zai ga rajistar ta koma sifili, wata ƙaramar tuta ta tashi. Abin da ya faru da mitocin ƙasar nan ke nan a 2024, sai dai gurbinsu ya fi faɗi. (Ga mai ganin tsufa aibi ne: wani nau'in 8085 ne ya tuƙa motar bincike ta Sojourner a duniyar Mars a 1997.)

Matsalar tana farawa ne idan allon koyon babu shi, ko yana kulle a kabad, ko ya ƙone shekaru uku da suka wuce. A nan darasin yakan koma hadda. Ɗalibi ya haddace sunayen ƙafafu arba'in, ya zana jadawalin lokaci da biro, ya rubuta shirin tara lambobi a takardar jarrabawa, malami ya duba da ido ya ba shi maki. Shirin da aka duba da ido kuwa bai taɓa yin kuskuren da zai koya wa mai shi wani abu ba. Na'ura ba ta ba da rabin maki. Ko shiri ya yi aiki ko ya ƙi, kuma sa'o'in da ɗalibi zai kwashe yana neman dalilin ƙinsa su ne ainihin karatun. Ana iya samun mai shaidar digiri da ya ci kwas ɗin da maki mai kyau, amma aka miƙa masa allon mita ya rasa ta inda zai soma.

Akwai kuma abubuwan da 8085 ba za ta iya koyarwa ba ko da allon yana aiki, domin ba ta da su. Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa saurin gane su. Tsohuwar furosesa kamar ofis ce da ake jiran fayil ɗaya ya gama zagaya dukkan tebura kafin a saki na biyu. Ta zamani tana sakin fayil na biyu da zarar na farko ya bar teburin farko, ta yadda kowane tebur yana da aiki a kowane lokaci. Wahalar tana zuwa ne idan fayil na biyu yana buƙatar amsar da na farko bai kai ga samowa ba. Haka kuma furosesar yau ta fi ma'adanarta sauri nesa ba kusa ba, don haka take ajiye abin da take yawan nema kusa da ita, kamar fayilolin da jami'i ke bari a kan teburinsa don kada ya riƙa aika masinja rajistiri kowane minti. Wane fayil za a bari a tebur, wanne za a mayar, da yadda za a hana jami'ai biyu aiki da kwafi biyu masu saɓani na fayil ɗaya, su ne rabin ilimin tsarin ginin kwamfuta na zamani. Ɗalibin da karatunsa ya tsaya a 1976 bai taɓa haɗuwa da su ba.

Gajeriyar hanya da doguwa

Wasu makarantu sun guje wa tsohuwar ta hanyar tsallakawa zuwa Arduino, ɗan allon da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Yana da araha, ana samunsa a kasuwannin Kaduna da Jos da Abuja, kuma cikin awa ɗaya ɗalibi zai sa fitila ta riƙa ƙyaftawa. Amfaninsa ba ƙarami ba ne, musamman ga ɗaliban kwalejin fasaha. Sai dai an ƙera shi ne tun asali domin masu zane da ba su karanci lantarki ba, wato domin ya ɓoye musu abin da ke ciki. Ɗalibin injiniya da ya kwafo shiri daga intanet, ya haɗa wayoyi kamar yadda hoto ya nuna, ya gabatar da na'urar ban ruwa mai sarrafa kanta a matsayin aikin kammala karatu, yana iya fita bai san ko rajista ɗaya ta furosesar da ke kan allon ba. Malamin kirki yakan bar ɗalibi ya ji daɗin fitilar a makon farko, a mako na biyu ya hana shi amfani da shiryayyun umarnin, ya sa shi ya buɗe takardar bayanin furosesar ya kunna fitilar ta hanyar rubuta bit a rajista da kansa.

Doguwar hanya, wadda manyan jami'o'in duniya suka koma kanta, ita ce RISC-V. An fara ta ne a 2010 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a hannun Krste Asanović da David Patterson da ɗalibansu. Jerin umarni ne da kowa zai iya gina furosesa a kansa ba tare da biyan kowa kuɗin lasisi ba, saɓanin na Intel da na ARM da ke da masu su. Tushensa umarni ne kimanin 40, ƙasa da na 8085, amma an tsara su ne yadda za su dace da dabarun zamani. Littattafan da ake koyarwa da su sun riga sun bi: na Patterson da John Hennessy ya fito da bugun RISC-V a 2017, na Sarah Harris da David Harris kuma a 2021. Da irin waɗannan littattafai ɗalibi ba ya tsayawa a koyon amfani da furosesar wani. Yakan rubuta bayanin tasa, ya ɗora shi a kan FPGA, wani guntun silikon da ake iya sake tsara hanyoyin cikinsa sau da yawa, ya ga furosesar da ya zana tana gudanar da shirin da ya rubuta.

Indiya, wadda ta raba tarihin 8085 da Najeriya, ta bi wannan hanya. Cibiyar Fasaha ta Madras ta gina furosesar Shakti a kan RISC-V, kuma a 2022 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shiri na musamman domin bunƙasa irinta. Ba ta jira sai ta mallaki babbar masana'antar buga silikon ta zamani ba, domin zane da bugawa sana'o'i biyu ne daban. ARM kanta ba ta da masana'anta, zane take sayarwa. Amurka ta ware sama da dala biliyan 52 a dokar da ta yi a 2022 domin dawo da bugun silikon gida. Najeriya ba ta da irin wannan kuɗi. Zane kuwa yana buƙatar malami ne, da kwamfutar cinya, da allo, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Farashin allon ma ya daina zama hujja. Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Magajinsa, Pico 2, ya fito a Agustan 2024 a kan dala 5, kuma guntun da ke kansa yana ɗauke da ARM da RISC-V a tare, ɗalibi ya zaɓi wadda zai tayar, ya gudanar da aiki ɗaya a kan kowacce ya kwatanta. Kuɗin kwamfutar tebur guda ɗaya zai saya wa aji guda irin wannan allo, kowa da nasa, ya tafi da shi ɗakin kwana.

Ra'ayi mafi dacewa a nan shi ne kada a yi gaggawar binne 8085, kada kuma a bar ta ta cinye zangon karatu. Makonni kaɗan sun ishe ta ta yi aikinta na nuna ƙashin bayan na'ura. Sauran lokacin na RISC-V ne da ARM. Dokokin ma sun ba da wannan dama: tsarin karatun jami'o'i da Hukumar NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Sabuwar jami'a kamar ta Kachia ba ta da tsofaffin alluna a kabad da za ta ji kunyar zubarwa, ba ta kuma da tsofaffin takardun lacca da aka gada.

Abin da ke hannun masu rubuta takarda

A takardun kwangila, kalmar da aka fi so ita ce cibiyar kwamfuta: ɗaki, kujeru, kwamfutocin tebur ɗari, na'urar sanyaya ɗaki, da allon suna a ƙofa. Irin wannan ɗaki yana da amfani ga jarrabawar JAMB da koyon rubuta manhaja, yana kuma da kyau a hoton buɗewa. Ɗakin gwajin furosesa kuwa kayansa daban ne. Yana buƙatar osiloskof da ke nuna siffar siginar lantarki a gilashi, da na'urar da ke bin sawun sifili da ɗaya a kan wayoyi da yawa lokaci guda, da akwatin ba da wuta mai iyakance ƙarfi, da allunan FPGA, da ƙarfen narka dalma, da aljihunan tebur cike da ƙananan kayan da ba wanda zai ɗauki hotonsu. Jami'in da ke duba jerin kaya ya ga babu waɗannan, ya san ba ɗakin lantarki ake shirin ginawa ba, komai sunan da aka rubuta a saman takarda.

Wani abin da ya fi wannan wuyar shiga kasafin kuɗi shi ne kayan da ke ƙarewa. Ɗalibin da ke koyo zai juya waya, zai ƙona guntu, kuma haka ya kamata. Kuɗin manyan ayyuka, ko daga kasafin tarayya ko daga asusun TETFund, yana sayen kaya sau ɗaya. Idan babu layin da ke maye gurbin abin da ya ƙone kowane zango, mai kula da ɗakin zai yi abin da kowane ma'aikaci mai tsoron tambayar masu binciken kuɗi zai yi, ya kulle kabad. An daɗe ana zargin cewa wasu makarantu na aro kayan gwaji idan masu tantance kwasa-kwasai za su zo, su mayar bayan sun tafi. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, da NUC, da majalisar COREN da ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi a 2023, za su fi gane gaskiya idan suka nemi ɗalibi ya zauna ya sa allon ya yi aiki a gabansu, maimakon ƙirga akwatuna.

Sai batun mutumin da ke riƙe da makullin. Ɗakin gwaji yana tsayawa ne a kan masanin fasahar da ke cikinsa daga safe zuwa yamma, wanda galibi mai shaidar HND ne. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Wanda ya ƙware a wannan fanni yana da kasuwa a Legas da ƙasashen waje, har ma daga ɗakinsa ta intanet. Sai an ba shi dalilin zama a Kachia ko Kafanchan, kuma dalilin yana cikin tsarin albashi da ƙarin girma da ake rubutawa a Abuja.

Wuta kuwa, darasin Solo ya riga ya amsa ta. Ɗakin da ke cike da alluna masu cin wuta kaɗan da kwamfutocin cinya zai rayu a kan sola da batir matsakaita, ba sai an jira man janareta ba.

Aikin da ke jiran waɗannan ɗalibai bai yi nisa da ƙofar makarantunsu ba. Kachia da Jaba da Kagarko su ne cibiyar noman citta a ƙasar nan, kuma cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta nuna yadda manoma ke buƙatar sanin laimar ƙasa da ta rumbu da alƙaluma. Na'urar da za ta auna laima da zafi, ta kunna fankar busarwa, ta aika saƙo zuwa wayar manomi, ta kuma rayu wata shida a kan batir ɗaya, aiki ne na wanda ya san yadda ake sa furosesa barci a tashe ta da sigina. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Kafanchan a 2025 za ta cika da na'urorin da ke buƙatar irin wannan hannu. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018, da manufar fifita kayan Najeriya da aka sanar a 2025, duka suna magana ne a kan kayan gida. Amma mitar da aka harhaɗa a Legas, wadda manhajar cikinta aka rubuto daga waje kuma ba mai iya taɓa ta a nan, akwatinta ne kawai na gida.

Lambobi biyun da aka danna a 2024 sun mayar da farkon ƙirgen mitoci daga 1993 zuwa 2014. Gurbin bai ƙara faɗi ba, bit 24 ne har yanzu, don haka zai sake cika a 2045. Ɗalibin da ya shiga Kachia ko kwalejin Kafanchan a bana zai kasance a tsakiyar shekarun aikinsa a lokacin.